Likkafanin Inna Tasalla

"Buɗe bakin in gani."

Abin da Turai ta fara ce masa ke nan, bayan shekara biyu ba ta sa shi a ido ba. Babu sannu da zuwa, babu ya hanya.

Halilu na tsaye a zauren gidan su Turai, bayan kasuwar hatsi ta Ƙaura Namoda, cikin farar jallabiya har idon sawu da jan mayafin Larabawa a ka. Ga baƙin tabarau, duk da cewa zauren ko da ido tsirara sai ka lalubi tabarma. Ya yi murmushi, haƙorin ya ƙyalla.

"Iyye! Haƙorin Makka! Ashe Alhaji ne. Bari in duƙa."

Ta duƙa ɗin kuwa, fuskarta ba alamar dariya.

"Haba Turai... ya habibti..."

"Ya wa?"

"Larabci ne. Masoyiyata ke nan."

"To hwaɗa mani da Hausa. Ni nan Ƙaura anka haihe ni."

Ya cire tabarau ya zauna. Zuciyarsa ta ba shi ya riƙe fuska, amma da ya dube ta ya kasa. Tana nan yadda ya bar ta ranar da jirgin ƙasa ya tashi da shi zuwa Zariya, daga can Kano, daga can Saudiyya, da bizar aiki ta shekara biyu a aljihu. Ubanta Alhaji Maccido, dillalin hatsi, ya ce a lokacin, "Tahi ka dawo da sana'a, Turai taka ce." Ga shi ya dawo. An sa biki sati uku.

Sunan Alhaji kuwa a tasha ya tsince shi. 'Yan dako suka ga jallabiya da akwati, suka kwasa da "Alhaji sannu! Alhaji kawo kaya!" Bai ce eh ba. Bai kuma ce a'a ba. Kafin ya isa Katuru wurin uwarsa, sunan ya riga shi zuwa a motar kasuwa.

"Na kawo maki turare," ya ce. "Da zannuwa."

"Na gode. Ni ma na aje maka wani abu."

Ta jawo wata leda daga bayanta ta zazzage. Kasa-kasai guda shida. Nasa ne, waɗanda ya riƙa ɗaukar muryarsa yana aiko mata ta hannun masu dawowa.

"Kullum sai na saurara," ta ce. "Wanga har zarenshi ya tsinke sau biyu, na liƙe da jan farce. Na haddace har inda kake tari."

"Allah sarki, Turaina..."

"Dakata. Kowane kaset kana cewa kana ohis, kana hutawa cikin iya-kwandishan. To ni abin da ban gane ba, ohishin ga naku... manajan ne ke cewa *mbeee*, ko akawu?"



Daga cikin gida ana jin tabarya na faɗawa turmi.

"Kaset na huɗu ma har wani ya tunkuɗe ka. Na ji ka ce 'kai, ɗan banza!' ka kashe."

Halilu ya sunkuyar da kai. Duk Katuru an saurari kasa-kasansa, dattawa sun gyaɗa kai, yara sun yi tafi. Mutum ɗaya ce ta saurara da kyau har ta jiyo abin da ke bayan muryar.

"Tumaki ne," ya ce a hankali. "Gona ce cikin hamada. Ni da wasu 'yan Sudan. Mu ba su ci, mu share, mu ɗebe kashi."

"Na sani. Kiwo ba sata ba ne. Kakana da shi ya mutu." Ta ɗan matso. "Abu guda nike tambaya. Ka yi mani addu'a gaban Ka'aba, kamar yadda ka yi alkawari?"

Ya kau da kai.

"Halilu?"

"Ban... ban je ba, Turai."

"Hajjin?"

"Makkar gaba ɗaya. Ko hasumiyarta ban hango ba."

Ya faɗa mata duka, yana kallon tabarma. Fasfo da takardar zama suna cikin durowar maigida tun ranar da suka sauka, kuma babu mai wuce shingen hanya ba takarda. Lokacin hajji kuwa shi ne lokacin da aiki ya fi zafi, ana loda raguna a manyan motoci dare da rana zuwa wurin alhazai. Shekarar farko maigida ya ce baɗi. Baɗin ta zo, biza ta ƙare saura wata guda a hau Arfa, aka kwashe su daga gona sai filin jirgi.

"Ragunan da na yi kiwo duk sun je," ya ce. "Ni na loda su da hannuna."

"To haƙorin hwa?"

"...A Kano anka sa mani."

Turai ta kalli rufin zauren ta daɗe, kamar mai ƙirga azara.

"Alhazan raguna," ta ce. "Allah ya karɓa masu."

Ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Turai ta ga kukan ya wuce na kunya.

"Akwai saura ko?"

"Likkahwanin Inna."

Duk wanda ya san Inna Tasalla ya san zancen. Daren da zai tafi, ta fito da farin alawayyo da ta daɗe tana ajiya, ta ninke ta sa masa a ƙasan jaka. Ba ta ce ya kawo mata zinari ba, ba ta ce carbi ba. "Auta, ni dai ƙahwata ba ta kai ni can. Ka tsoma mani wanga cikin zamzam, ka shanya shi a ranar Makka. In na kwanta, in kwanta cikinshi."

Shekara biyu yadin na ƙarƙashin katifarsa, da sitacinsa, da ninkinsa. Ranar da za su taho ya duba ya ga kowa zai gane bai taɓa ruwa ba. Sai ya kai shi famfon da ake cika wa tumaki kwami, ya jiƙa, ya matse, ya shanya a kan waya.

"Innalillahi..." Turai ta dafe ƙirji. "Ka ba ta?"

"Shekaranjiya. Ta rungume shi tana kuka. Ta shahwa a ido, ta ce har ta ji ganinta ya ƙaru."

"Kuma ka tsaya kana kallo?"

"Mi zan ce? Kin ga yadda ta koma? Ƙahwahunta sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta zuwa. In na hwaɗa mata, kashe ta zan yi!"

"In ba ka hwaɗa ba, da ƙaryarka za a naɗe ta."

"Turai, bari a yi biki tukuna. In Babanki ya ji..."

Ta tattara kasa-kasan ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin leda.

"Ni makiyayin cikin kaset ɗin ga nike so. Shi na yi shekara biyu ina jira. Alhajin ga ban san shi ba, kuma ba a ɗaura mani aure da baƙo." Ta juya masa baya. "Tahi Katuru. Kada ka bari mutuwa ta riga ka."

Kwana biyu ya yi yana kewaya maganar. Ran farko ya je har ƙofar ɗakin, ya ji tana ba wata maƙwabciya labarin yadda Auta ya yi ɗawafi, ya juya. Rana ta biyu ya gyara mata danga, ya yi mata faskare, ya share garken awaki tas. Aikin da ya iya ke nan.

Rana ta uku da hantsi ya same ta a inuwar rumbu, an shimfiɗa mata tabarma. Ya bar jallabiya a ɗaki, ya sa tsohuwar taguwarsa ta gona.

"Alhajina," ta ce. "Zaka nan kusa."

"Inna, daina kirana haka."

"Don mi? Kunya?"

Ya durƙusa. Ya fara daga tumakin, don su ne masu sauƙi. Ya bi ta kan fasfo, da motocin raguna, da haƙori. Da ya zo kan famfo sai da ya faɗa sau biyu kafin ta ji.

Inna Tasalla ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta wajen rumbu. Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu. Halilu ya gwammace ta ɗauki muciya ta rafka masa.

"Ɗauko shi," ta ce daga ƙarshe.

Ya fito da shi daga adaka. Da ta warware, ya ga gefe ɗaya an yayyanke.

"Larai ta roƙi ƙyalle ta sa cikin nata. Da Kulsumu, da matar liman. Na yanka masu." Ta shafa wurin da yatsa. "Ni ka yi ma ƙarya, ni kuma na raba ta gida-gida."

"Inna ki yahe mani... don Allah ki yahe mani..."

"Shekara biyu kana cikin kashin tumaki, kana aiko mani dariya. Ni ina nan ina hura hanci a gidan suna." Yanzu hawayen suka zubo. "Wa ya ce maka Alhaji na aika nema? Ɗana na aika! Da ka ce Inna ina shan wuya, da ban kwana ina maka addu'a ba? Ka hana ni, Auta. Wanga shi ne ya hi yi mani ciwo."

Ya kifa kansa a kan ƙafafunta masu kumburi yana kuka kamar ba shi ne ya sauka da tabarau ba. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Can ta ɗora hannu a kansa.

"Kai ka wanke shi? Da hannunka?"

"Ni ne."

"Kana tuna ni?"

"Ina kuka, Inna."

Ta ninke yadin a hankali ta danne a cinya.

"To a bar mani abina. Tashi. Gidan Larai za ka hwara, sannan Kulsumu. Matar liman ka bar ta ƙarshe, ta hi su baki."

Ya je. Larai ta ce Allah ya shirya. Kulsumu ta yi dariya har ta ƙware. Matar liman ta cika alkawarin da aka yi a kanta, kafin la'asar har Shinkafi an ji.

Alhaji Maccido kuwa ya saurare shi a rumfarsa, tsakanin buhunan gero, yana sakace. "Dama na yi mamaki," ya ce. "Na tambaye ka Muzdalifa ka ce mani tana gaishe ni." Ya jefar da tsinken sakacen. "Ka iya raguna dai?"

"Na iya, Baba."

"To sana'a na ce ka dawo da ita. Tahi a cire maka gwangwanin nan na bakinka."

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Alhajin Tumaki, sunan ya zauna daram. Turai ba ta taɓa kiransa da shi ba. In ta so tsokana sai dai ta ce "ya habibti," ta ci gaba da tankaɗe.

Inna Tasalla ta rasu farkon damina, da safe, Turai na riƙe da kanta.

Halilu na zaune a bakin ƙofar ɗakin lokacin da aka buɗe adaka. Ya ji wata tsohuwa ta rage murya tana cewa ko a aika kasuwa a yanko sabo, wannan ai kowa ya san ruwan da ya sha.

Ya runtse ido. 

Sai ya ji muryar Turai, ba ta ɗaga ta ba.

"Ta ce a bar mata abinta."

 Can ya jiyo ƙarar yadin ana keta shi, ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa.