Tsohuwar da Ta Fito Baiko Hannu Wofi

A wani ƙauye, can da, an yi wata tsohuwa da ambaliya ta cinye gonarta kaf. Sai ga ranar godiyar kaka, ranar da kowa ke fitowa gaban coci da rawa, layi-layi, ya ajiye baikonsa, abin da ya kawo wa Allah daga amfanin gona.

Masu doya suka fita, gabanta ya faɗi. Masu kaji suka fita, gabanta ya ƙara faɗuwa. Da ni ta tambaya, gwanin dabara irina, da na ce ta cika kwando da yashi ta rufe da zane. Amma wa ke tambayata?

Maƙwabciyarta ta raɗa mata, "Iya, yi zamanki, kada a yi miki dariya."

Da aka zo layinsu ta miƙe, ta je ta durƙusa tsakanin buhuna. Kiɗa ya tsaya. Ta ce, "Ubangiji, ko zangarniya ɗaya ban girba ba. Ga godiyata ka karɓa, tunda ruwan ya bar ni da rai."

Dattijon da ke kwashe kaya zuwa rumbu ya sosa ƙeya. "Fasto, wannan baikon ina zan kai shi?"

Fasto ya ce, "Huta, Baba. Ya riga ya isa."