Ƙwai Ɗaya a Gidan Hajiya Kalsom

"Mak, mene ne wannan a tukunya?"

Norsiah na tsaye riƙe da murfi, tururi na dukan fuskarta, kwalliyar da ta ɓata safiya guda tana yi ta fara narkewa. Ba sai an faɗa mata ba. Farare ne, kewayayyu, ɓawonsu mai laushi ya lotsa a gefe. Ƙwan kunkurun teku ne tukunya guda, a ranar da dangin Sapawi za su zo neman aurenta.

Hajiya Kalsom, mahaifiyarta, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan kek ba.

"Abincin baƙi ne."

"Mak, kin fa san aikinsa..."

"Na sani mana. Gadi." Ta taɓe baki. "Gadin tsibirin kakanki. An rasa wanda za a ɗora a kai sai ɗan fadama, wanda bai taɓa ganin ruwa mai haske ba sai da ya girma."

Daga barandar gidan ana hango tsibirin Lintang. Can kunkuraye ke fitowa su haƙa yashi su zuba ƙwai, kuma a da kakannin Norsiah ne kaɗai ke da ikon kwasa. Sai gwamnatin jiharsu ta Sarawak ta karɓe tsibirin, ta haramta taɓa ƙwan, ta zuba masu gadi. Abin da ya rage wa gidan na girma bai wuce laƙabin Dayang da matansu ke maƙalawa a gaban suna ba, sai kabad ɗin faranta da ba a cin abinci a cikinsu. Amma in ka ga yadda Hajiya ke hura hanci, ka rantse teku ma haya take biyan ta.

Shi kuwa Sapawi daga Kogin Medang ya fito, cikin dajin fadama, inda ruwa yake baƙi kamar shayin da ba madara, mutane na sare itacen sago suna wanke garinsa. A bakin jiragen ruwa suka haɗu, inda Norsiah ke sayar da kek. Ya yi ta saye yana rabarwa har abokan aikinsa suka fara ƙiba, kafin ya iya buɗe baki ya tambayi sunanta. Ta so shi sosai, ko da yake a ƙasan ranta tana ganin alfarma ta yi masa.

Tana jin ƙarar mota ta zaga ta ƙofar baya, ta tare Sapawi a gindin matakala kafin ya cire takalmi, ta kira shi yadda matan nan ke kiran masoyi don girmamawa.

"Abang, ka saurare ni. Duk abin da Mak ta ba ka, ka ci."

Ya yi murmushi. "Ko guba ce, Siah tawa."

"Ba wasa nake ba. Sau ɗaya ne, shi ke nan an wuce wurin."

"Yau ko dutse ta dafa sai na yaba gishirinsa. Kin yi kyau, kin sani?"

Ta so ta faɗa masa ko mene ne. Ta kasa. Ta koma ciki ta laɓe bayan labule.

An baje abinci a kan tabarma. Mak Ipah, mahaifiyar Sapawi, ta zauna a takure, 'yar ƙaramar mace mai tsagaggun hannuwa saboda wankin sago. Kusa da ita ƙanenta ne, kawun Sapawi, wanda zai yi magana. A ɗaya gefen kuma Awang Morshidi, ɗan yayar Hajiya, mai jiragen yawo da baƙi, ya ɗora tabarau a tsakiyar kai cikin ɗaki, yana latsa waya. Tun suna yara yake cewa Norsiah tasa ce, ita kuwa ba ta taɓa yi masa kallon da ya wuce na buhun shinkafa ba.

Kawu bai gama gabatar da buƙata ba Hajiya ta ɗaga hannu. Da kanta ta miƙe, ta ɗauko faranti daga kabad ɗin nan, ta ɗora ƙwai ɗaya, ta dire a gaban Sapawi.

"Duk namijin da ya auri 'yar gidan nan da wannan ya fara. Ana yage bakin, a barbaɗa gishiri, a tsotse. Ko ba a koya muku ba a can cikin taɓo?"



Sapawi ya dubi ƙwan, ya dubi Morshidi, ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya.

"Hajiya, ki yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba."

"Jiya da safe na tarar an tone mana rami a tsibiri. Uwar ƙwan nan na ga fitowarta, na ga wahalar da ta sha. Na san daga inda wannan ya zo."

"Au, ɓarayi ka zo kamawa, ba aure ka zo nema ba?"

Kawu ya matso. "Sapawi, taɓa kawai. Sa yatsa ka ce ka gode."

Nan kowa ya san wannan. In an ba ka abinci ba ka ci, dole ka taɓa shi da yatsa, alamar ka girmama amma ka ƙoshi. Wanda ya tashi bai ci ba bai taɓa ba, kempunan ta hau kansa, masifa na bin sa a hanya, ko maciji, ko kada, ko faɗuwa daga bishiya. Masu digiri ma da ke cewa camfi ne, za ka ga suna miƙa yatsa a fakaice.

Sapawi bai motsa ba.

Norsiah ta yaye labule ta fito.

"Abang... ka yi mini alkawari."

"Siah, ba ki gane ba..."

"Ƙwan nan an riga an dafa shi. Ko ka ci ko ka bari, ba zai ƙyanƙyashe ba. Don ni, Abang. Taɓawa kawai."

"Zan yi miki bayani daga baya."

Ta ga mahaifiyarta na murmushi, ta ga ƙannen mahaifiyarta na leƙe daga kicin suna ƙunshe dariya. Wata shida tana kare shi a gidan nan, tana cewa ba su san shi ba ne, ga shi ya tsinka ta a gaban kowa a kan ƙwai ɗaya. Kunya ta rufe ta, ta juye ta zama baƙin ciki, bakinta ya riga hankalinta.

"Ashe gaskiyar Mak ce. Ni ce na zubar da girmana na tsinto ka. Wanda aka wanke yana jariri da baƙin ruwa, ko sabulun duniya aka tara ba zai fita ba. Ku koma taɓonku!"

Ba Sapawi ne ya fara motsi ba. Mak Ipah ce ta miƙa tsagaggen hannunta, ta taɓa gefen farantin shinkafa, ta ce, "Mun gode da abinci." Ta miƙe a hankali ta fita. Ɗanta ya bi bayanta bai taɓa komai ba, bai kuma waiwayo ba.

Norsiah ta shige kicin tana huci, tana wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Daga nan ta jiyo muryar Morshidi ta bangon katako.

"Wallahi ɗan banzan nan wayo ne da shi. Tun da ya zauna nake saita shi da waya. Da yatsa ɗaya ya ɗora, da na samu hoton mai gadin tsibiri da ƙwan kunkuru a hannu. Kafin la'asar an kore shi, a haɗa masa da kotu."

"Ƙyale shi," in ji Hajiya. "Ya tashi bai taɓa ba. Abin da hotonka bai yi ba, hanya za ta yi."

Faranti ya suɓuce daga hannun Norsiah. Ashe Sapawi ya ga wayar. Ya gani, ya yi shiru don kada ya tona asirin danginta a gaban nasa, ita kuma ta saka masa da zagin uwa. Ta fito ta tsaya a kan Morshidi.

"Kai ka tono ƙwan?"

"Don ke na yi, ƙanwata."

Ta dube shi daga tabarau har yatsun ƙafa. "Ƙato da kai, ka rasa yadda za ka kayar da namiji sai da ƙwai da waya. Ko maza sun ƙare, gara na auri turken ɗaure jirgi."

Ta kira Sapawi, waya a kashe. Ta sake kira har ta gaji. Washegari wani abokin aikinsa ya tsaya sayen kek, ya ce ai wuta ta kama a dajin Medang, an kira duk ma'aikatan da suka san wurin, Sapawi ne ya fara ba da sunansa.  Wutar fadama ba a sama take ci ba, ƙarƙashin ƙasa take bi, mutum na tafiya sai ƙasa ta rufta da shi cikin garwashi. Kuma ya tashi daga gidansu bai taɓa abinci ba.

Da asuba ta dafa shinkafa da madarar kwakwa, a tukunyar gidan, da shinkafar gidan, ta ƙunshe a ganyen ayaba. Hajiya ta same ta tana sa takalmi.

"Ina zuwa?"

"Medang."

"In kika sauka matakalar nan, kin zubar da mutuncin kakanninki."

"Wane mutunci, Mak? Wanda aka sato a yashi aka dafa?"

Ta sauka.

Mota ta kai ta ƙarshen kwalta, kwale-kwale ya ɗauke ta daga nan. Ruwa ya yi ta duhu, itatuwa suka haɗe a sama, hayaƙi ya fara shiga mata ido. Duk rayuwarta ba ta taɓa tako wurin nan ba sai a bakin raini. Da ta sauka ta kuskure katakon da aka shimfiɗa, ƙafarta ta nutse har ƙauri, takalmin ya tafi ke nan. Matan da ke wankin sago suka bi ta da kallo, ba wadda ta yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo.

Mak Ipah na zaune a baranda.

"Dayang ce a taɓonmu? Ki yi a hankali, ruwanmu ba ya fita."

Norsiah ta durƙusa. "Mak, ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana. Ga shi can zai tafi."

Yana bakin ruwa yana ɗora injin feshi a jirgi, fuskarsa duk toka, idanunsa jawur.  Ba ta taɓa son sa kamar yadda ta so shi a lokacin nan ba. Ta ƙarasa da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Abang..."

Ya juyo. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi fushi ba.

"Na ji abin da Morshidi ya shirya. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"To ka yafe mini, masoyina. Na bar gida saboda kai. Na gaya wa Mak abin da ban taɓa gaya mata ba."

"Maganar ƙwai ta wuce, ban riƙe ki ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Amma abin da kika faɗa, ba a ranar kika ƙirƙiro shi ba. Ya daɗe a bakinki, rana kawai yake jira. Matar can da kika gani, da ruwan nan ta wanke ni, da shi ta biya mini makaranta. Tun da muka dawo ba ta ce mini komai ba, sai kallon hannuwanta take."

"Fushi ne, Abang..."

"In na kawo ki gidan nan, kullum kuka yi saɓani sai ta jira ta sake ji."

Hawaye suka zubo mata. Ta kwance ganyen, ƙamshin kwakwa ya tashi.

"Ka tashi daga gidanmu ba ka taɓa komai ba, ga shi za ka shiga wuta. Ni na dafa, ba Mak ba. Na san ba ka karya ba. Zauna ka ci, ko loma biyu."

Ya daɗe yana kallon shinkafar. Tana ganin maƙogwaronsa na motsi, ta san yunwa yake ji, ta san kuma yana son ta. Ta tuna yadda yake cinye kek ɗinta a tsaye, har ta fara sa rai.

Ya miƙa hannu, ya ɗora yatsa ɗaya a kan shinkafar, ya janye.

"Na gode, Dayang Norsiah. Na ƙoshi."

Ya shiga jirgi, aka tayar da inji, hayaƙi ya haɗiye su.

Don ya taɓa ta yi wannan doguwar tafiya, ya kuwa taɓa, masifa ta sauka daga kansa. Sai dai ita 'yar ƙasar nan ce, ta san wanda zai ci ba ya taɓawa. Ta tsaya a bakin baƙin ruwan da ƙafa ɗaya cikin taɓo, tana kallon gurbin yatsansa a shinkafar, har abincin ya huce a hannunta.