Ni Na Ɗora

A wani gari, can da, an yi wani maɗori gwani, sai dai bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ɗori kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jatau ke danne mai karaya, Sambo ya ja ƙafa ta miƙe, sannan maɗori ya jera karare ya ɗaure.

Amma kowa ya zo godiya, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni na ɗora!"

Ran nan Jatau ya ce, "Maigida, mu fa?"

Ya ce, "Ku? Ai ko turmi na samu zai danne mutum."

Jatau ya koma gonarsa, Sambo ma ya bi shi.

Ba a jima ba, Kuluwa 'yar maɗori ta faɗo daga kan kanya ta karye. Girman kai ya hana shi aikawa a kira su. Ya ɗaure ƙafar shi kaɗai, yarinya tana kuka tana fizgewa, babu mai dannewa, babu mai ja. Ƙashi ya kama a karkace.

Haka Kuluwa ta girma tana ɗingishi. In baƙo ya gan ta ya ce, "Assha, wa ya yi wannan ɓarna?" sai maɗori ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ni na ɗora."