Gidan Takarda Mai Koriyar Ƙofa

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga ɗakin karatu na gari. Shugabar wurin ce, ta ce an sace gida.

"Gida sukutum?" in ji Sufeto.

"Na takarda ne, ranka ya daɗe. Amma mai shi yana nan kamar zai faɗi."

Mai gidan tsohon ma'aikacin safiyo ne, wato awon filaye, kowa Baba Safiyo yake ce masa. Shekara shida ke nan tun da ya yi ritaya yake gina tsohuwar unguwarsu da kwali da gam, unguwar da aka rushe aka shimfiɗa babban titi a kanta. Gida ɗari da goma sha biyu ya yi, da gada, da tashar mota, har da igiyoyin shanya na zare. Washegari za a buɗe wa jama'a su zo kallo, an ma jera maduban ƙara girma a gefen teburin da aka ɗora ginin a kai, a zauren ɗakin karatun.

Da Sufeto ya isa zauren, ya sunkuya ya duba gurbin gidan da ke kusa da gadar. Ba fizge gidan aka yi ba, an bi gindinsa da reza a hankali. Wata 'yar bishiya da ke gefe ta karye, an ɗaure ta da farin zare, ɗauri mai kyau.

"Ɓarawon nan yana da tausayi," in ji Sufeto. "Baba, wane irin gida ne?"

"Ƙarami ne, ɗaki ɗaya. Jiya da safe a nan wurin na shafa wa ƙofarsa koren fenti, na tafi gida da azahar." Tsohon ya nuna gurbin da yatsa. "Da sun kwashe sauran duka sun bar min wannan."

"Me ya sa?"

Tsohon ya kau da kai.

Shugabar ta riga ta dakatar da maigadi, tana so a tafi da shi. Shekara goma sha tara yana tsaron wurin, ga 'ya'ya biyar. Sufeto ya same shi zaune a kan benci, hularsa a hannu.

"Wa ya shiga zauren jiya bayan azahar?"

"Babu kowa, yallaɓai."

"Ka tabbata?"

"Ko ƙuda bai shiga ba."

"To kujerar da aka jawo gaban teburin fa? Kai ne ke shafa man zafi a gwiwa? Har yanzu ƙamshinsa na jikinta."

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Ku tafi da ni kawai, yallaɓai. Ban ga kowa ba."

Sufeto ya fahimci mutumin wani yake karewa.

Daga nan ya nufi shagon wani tela, aminin Baba Safiyo, wanda shi ma yana taɓa ginin takarda. Kullum suna gardamar wanda ya fi iya rufin kwano.

"Rabona da zauren nan mako guda," in ji tela.

"Ga sa hannunka a littafin baƙi, ranar Litinin."

Tela ya yi dariyar kunya. "To, na je. Na je in ga ko zan samu kuskure in tsokane shi, ban samu ba. Amma gidan nan ko a kyauta ba zan taɓa shi ba. Ai ba da kwali ya yi shi ba, da shuɗiyar takardar wasiƙa ce, tsohuwa. In ka leƙa ta taga za ka ga rubutu a bango."

"Rubutun wa?"

"Na mace ne. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Da la'asar Sufeto ya yi sallama a gidan Baba Safiyo. Falon cike yake da guntayen kwali, har kan talabijin. Matar gidan tana zaune tana ɗinke hannun riga da farin zare, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi.

"Sannu da hutawa, Mama. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, ɗana. Zauna, in ka samu inda gam bai zuba ba."

"Kin je kin ga aikin Baba a zaure?"

"Ni? Shekara shida ina share tarkacensa, sai kuma in bi shi har can? Ban taka ba. Kuma duk wannan tashin hankali a kan ɗan akurkin gida mai koriyar ƙofa!"

"Mama, jiya da safe aka shafa koren fentin, kuma a can zauren. Baba, ka gaya mata?"

Baba Safiyo, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya girgiza kai a hankali.

Ta ajiye allurar. Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta tashi da ƙyar ta buɗe kabad, ta fito da wata babbar kular abinci. Gidan na ciki, an naɗe shi da ɗankwali, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Ni ce," ta ce. "Na lallaɓa na je don in ga abin da ya hana ni miji. Maigadi ya buɗe min, na roƙe shi kada ya faɗa. Na ɗauki madubin nan na leƙa ta taga, sai ga rubutuna. Wasiƙun da na yi masa ina 'yar shekara ashirin! So yake gobe surukaina da jikokina su yi layi suna karantawa?"

"Ɗakinmu ne na farko," in ji Baba Safiyo. "Na gwada kwali sau uku, bai yi kama da shi ba."

"Ni na ɗauka ka zubar da su tun tuni, Malam."

"A cikin akwatin kayan awona suke. Shekara arba'in da ɗaya."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta harare shi. "Ka yanka min su da almakashi."

"Na haddace su kafin in yanka."

Sufeto ya yi gyaran murya. "Mama, akwai bawan Allah da zai rasa aikinsa saboda ke."

Ta dafe ƙirji. "Sun kore shi? A'a, wannan ba zai yiwu ba. Mu je yanzu in faɗa da bakina."

"Dole ki biyo ni ofis ki ba da jawabi a rubuce. Baba, kai ma za ka zo ka janye ƙara, in ka ga dama."

"Zan yi tunani," in ji tsohon, yana neman takalmansa.

Sufeto ya riƙe mata hannu saboda matakala, ya buɗe mata gaban mota. Ta zauna ta rungume kular a cinya. Mijin ya shiga baya, ya miƙo hannu zai karɓa, ta buge hannun.

"Za a mayar da shi," ta ce, "amma sai na ɗinka wa tagogin labule."