Ciwon Cinyar Da Ya So Raba Ni Da Kafinta

A ƙasa na same shi.

Yana zaune cikin garin katako, ya jingina da ƙafar teburin aikinsa, hannayensa biyu sun damƙe cinyarsa ta dama. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, zartonsa na yashe can gefe.

"Malama... me ya kawo ki?"

Na ajiye jakata da littattafan ɗalibai, na kama hannunsa don in ɗaga shi. Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi, ya koma ya zauna daɓas yana cije leɓe. A lokacin ne na ga abin da ya shafe makonni yana ɓoye mini a cikin manyan wanduna. Cinyar ta tsotse, ba ta kai ta hagu kauri ba ko kusa.

Saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Shekara biyu kafin nan ya zo makarantarmu gyaran bencinan aji uku, ajin da nake koyarwa. Aikin kwana biyu ne ya mayar da shi na mako guda, kullum sai ya gano wani benci da ƙusarsa ta yi sanyi. Ranar ƙarshe na tambaye shi ko bencinan ne ke da ciwo ko mai gyaran, ya yi dariya har ya buge yatsansa da guduma. Tun daga nan ni ce Malama, shi ne Kafinta. Ya girme ni da shekara goma sha uku, mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ranar da na same shi a ƙasa kuwa, da ƙyar muryar ma take fita. Ya ce in zauna, akwai abin da ya daɗe yana son gaya mini. Shekara shida ke nan da aka ce yana da ciwon suga. Yana shan magani, har zuwa lokacin da maganarmu ta yi ƙarfi, sai ya ji kunya kada in ga ƙwayoyin in ɗauke shi tsoho mai lalura. Da ya ga jikinsa garau, sai ya watsar da maganin, ya daina zuwa asibiti. Wata biyu da suka wuce ciwo ya sauko masa daga ƙugu zuwa cinya, kamar ana zuba masa garwashi. Ya rame, in ya tsuguna ba ya iya tashi sai ya dafa abu.

"Ki yafe mini, farin cikina. Ki nemi mai lafiya. Ba zan ɗauko ki daga gidanku in mayar da ke 'yar jinya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, fiye da tsoron da na ji. Na ce masa ciwo Allah ke ɗora wa bawa, ba ni da ta cewa a kansa, amma ɓoyon da ya yi mini shi ya zaɓa da kansa. Shekara biyu ina kawo masa kayan zaƙi da lemon kwalba, yana karɓa yana godiya, ashe da hannuna nake ƙara masa. Ya sunkuyar da kai. Na kira makwabcinsa mai walda ya taimaka muka ɗora shi kan kujera, na ɗauki jakata na fita ina kuka.

Ko da na isa gida labarin ya riga ni.

Akwai wani mai kantin magani a bakin titinmu, abokin Yayana ne tun suna yara. Ya taɓa nemana na ce a'a, ya nuna kamar ya haƙura. Ashe a kantinsa Kafinta ke sayen maganin kashe raɗaɗi, kuma a wurinsa ya saki baki ya faɗi lalurarsa, don yana ganin mai sayar da magani rabin likita ne. Shi kuwa ya kwashe ya kai wa Yaya, ya ƙara gishiri. Ya ce ƙafar ta riga ta mutu, yanke ta za a yi, kuma irin waɗannan ba sa daɗewa.

Yaya na tsaye a tsakar falo yana ta faɗa. Ya ce ba zai zuba ido ƙanwarsa ɗaya tilo ta zama bazawara da ƙuruciyarta ba, ga mutum mai lafiya da sana'a yana jira. Mama na gefe tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce ita dai tsoro take ji mini. Baba ya bari sai da kowa ya gaji. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke me kika ce, Auta?"

"Baba, ina fushi da shi. Amma ba na son kowa sai shi."

Baba ya mayar da tabaraunsa. Ya ce shi bai taɓa jin an yanke wa mutum ƙafa a kan kantar sayar da magani ba. A kai shi wurin likita, abin da likita ya faɗa a kansa za a yi magana. Kuma Yaya ne zai kai shi a motarsa, ya shiga ya ji da kunnensa, don kada gobe a ce ni na gyara zancen.

Har yau in na tuna wannan hukuncin sai in yi wa Baba addu'a.

Mun tafi ranar Talata da safe. Yaya na tuƙi fuska a murtuke, Kafinta na baya ya miƙe ƙafa, ni ina gaba ina kallon titi.

Likitar mace ce mai furfura, mai son tambaya. Ta tambayi yadda ciwon ya fara, ko tafiya ce ke tayar da shi, ko yana zazzaɓi, ko ya faɗi, ko bayansa na ciwo. Ta sa ya cire takalmi ta tattaɓa ƙafafunsa, ta juya ƙugun, ta buga masa gwiwa da 'yar guduma. Kafinta ya ce yau ga guduma ta faɗo a kan mai ita. Ta yi murmushi, Yaya kuwa ya kawar da kai.

Yaya ne ya kasa haƙuri, ya tambaya kai tsaye ko yanke ƙafar za a yi.

Ta ajiye biro ta ce wa ya faɗa masa haka. Sannan ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce ciwon cinya da ƙugu ga mai suga ba hanya ɗaya yake biyowa ba. Wani hanyoyin jininsa ne ke tsukewa, sai ya riƙa jin ciwo in yana tafiya, in ya tsaya ya lafa, ƙafar kuma ta yi sanyi. Wani gaɓar ƙugun ce ta goge, wani kuma jijiya ce ta matse tun daga ƙashin baya, kamar yadda ke samun marasa suga ma. Akwai wanda ƙwayar cuta ce ta shiga can ciki, shi za a ga kumburi da zazzaɓi, kuma ba a jinkiri da irinsa. Amma ciwon da ya sauko wa gefe ɗaya da zafi haka, ga rama, ga naman cinya na zagwanyewa, ga wahalar tashi daga zaune, ya fi kama da sugan da ya daɗe a sama ya illata jijiyoyin da ke motsa cinyar. Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an ɗauki hoto, an gwada jini da jijiyoyin.

Da ta ga ledar magungunan kashe raɗaɗin da yake sha, fuskarta ta canza. Ta ce ya daina su daga yau, domin yawan irin waɗannan na iya taɓa ƙoda, balle ga mai suga. Ta tambayi wanda ya haɗa masa su. Kafinta ya ce shi ya nema, bai faɗi sunan kowa ba.

Na ga Yaya ya dube shi, karo na farko tun safe.

Bayan kwana tara sakamako ya fito. Jini na gudu lafiya a ƙafar, ƙashi kalau, ƙodar ma Allah ya kare. Jijiyoyin ne, kamar yadda ta zata.

"Ba za a yanke komai ba," in ji ta. "Amma sauƙin a hankali zai zo, watanni ne, wataƙila fiye da shekara. Kuma ban yi muku alkawarin ƙafar za ta koma daidai yadda take ba."

Ban san lokacin da na kifa kai a kan teburinta ba. Wata irin godiya ce ta cika mini ƙirji. Kafinta na ta maimaita alhamdulillahi a hankali, hawaye na bin gemunsa.

A hanyar komawa Yaya ya tsaya daidai kantin abokinsa, ya ce mu jira. Ban ji abin da suka faɗa ba, na dai hango shi ya dire ledar magungunan a kan kanta. Bai yi minti uku ba ya fito. Tun daga ranar, in Mama na buƙatar magani, sai ya tsallaka har kasuwa.

An ɗaga auren wata takwas. Ba Baba ne ya ɗaga ba, ni ce. Na ce wa Kafinta ina nan ban je ko'ina ba, amma sai na ga ya riƙe lafiyarsa da kansa, ba don kunyata ko tsorona ba. Kuma daga yau duk abin da ya ɓoye mini, ko ciwon kai ne, zan ɗauka bai yarda da ni ba. Ya ce ya ji, ya kuma cancanci fiye da haka.

Watannin nan ba su zo da sauƙi ba. An sa shi a kan allurar suga, an sauya masa abinci, an ba shi maganin ciwon jijiya. Sau biyu a mako ana kai shi sashen motsa gaɓoɓi, inda ake sa shi ɗaga ƙafa da tashi daga kujera har ya jiƙe da gumi. Akwai ranar da ya jefar da sandarsa ya ce ya gaji. Akwai makon da ciwon ya leƙa cinyar hagu, muka tsorata, likita ta ce yakan yi haka, Allah kuma ya taƙaita. Mai walda ya ƙera masa doguwar kujera don ya riƙa aiki a zaune, ya koma yin ƙananan kaya, akwatuna da kujerun yara.

Wanda ke kai shi asibiti kuwa Yaya ne. Da farko cewa yake umarnin Baba yake bi. Daga baya na lura tun kafin lokaci yake ɗaukar makulli, kuma in sun dawo sai su daɗe a mota suna gardamar ƙwallo. Mama ma ta koyi girkin da ba ya tayar da suga, ta mayar da gidanmu gaba ɗaya kansa, Baba na ƙorafin an haɗa shi da jinyar da ba tasa ba.

Ranar ɗaurin aure Kafinta ya zo da ƙafarsa, ba sanda. Yana ɗan ɗingishi, har yanzu ma yana yi in ya hau matakala ko ya daɗe a tsaye. Da yamma, da za a kai ni, Yaya ya shigo ɗakin Mama ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce saura kaɗan ya raba ni da mutumin kirki a kan zancen da bai bincika ba, in yafe masa. Na rungume shi ina kuka, ya ce in bari kada in ɓata kwalliyar da aka sha wahala a kanta.

Shi ya tuƙa ni har gidan mijina. Kafinta na tsaye a ƙofa yana jira. Yaya ya kama hannuna ya sa a nasa, ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Ba ita kaɗai nake ba ka amana ba. Ka kula mana da kanka."

Kafinta ya gyaɗa masa kai. Ya ƙara damƙe hannuna, muka shiga ciki a hankali, ina daidaita takuna da nasa.