Karan Awon Sabitu Tela

Shekara arba'in da ɗoriya ina haƙar kabari a garin Bauchi. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana sai dai in dangwala yatsa, amma babu ƙasar da ban san halinta ba. Kabari ya rufta da ni sau biyu na fito da ƙafata. Kwalara ta kwashe abokan aikina huɗu a damina ɗaya, ni ko ciwon kai ban yi ba. To mutumin da ya ga duk wannan, idan ya ce akwai labarin da ke sa shi sunkuyar da kai, sai a saurara. Labarin Sabitu tela ne.

Sabitu ɗan Ƙofar Wambai ne, shagonsa kuma a Gwallaga: keken ɗinki ɗaya da dogon madubi mai tsaga a gefe. Ba ɗinki ne ya sa aka san shi ba. Duk wanda ya rasu a unguwa shi ake kira. Shi zai ɗinka likkafani, shi zai yanko karan dawa daidai tsawon mamaci ya kawo mana mu haƙa a kai. In an sa gawa, sai a kwantar da karan a ramin a rufe su tare. Haka muka taras ana yi a wajenmu. Ubansa ya yi wannan aikin bai taɓa karɓar ko goro ba, shi ma haka ya tashi. Tsofaffi har wasiyya suke bari, a ce Sabitu ne zai auna su.

Maƙwabcinsa na shago, Elisha kafinta, kullum sai ya tsokane shi.

"Malam Sabitu, kai ka more. Kwastomominka ba wanda ya taɓa dawowa ya ce riga ta matse shi."

"Kai ma ranar taka ka aiko, zan yi maka ragi."

Su yi dariya, su raba masa da kunu. Sabitu yana da matarsa Zinariya da 'ya'ya biyu, Ikrima da ƙanwarsa Ni'ima. Ba su da yawa, amma ba su kwana da yunwa.

Abin ya soma ne ranar jana'izar wani attajiri. Sabitu ya yi ɗinki, ya yi awo, ya ɗauki makara har kafaɗarsa ta saɓule. Da aka dawo zaman makoki ya nemi gefen darduma, sai babban ɗan mamacin ya ɗaga hannu.

"Kai mai likkafani, ɗan koma can wajen takalma, manya za su zo."

Ya koma. Da yamma ya tsaya gaban madubin shagonsa ya daɗe yana kallon wuyan rigarsa da ya zare. Bai ga mutumin da unguwa guda ta amince wa gawarta ba. Mai likkafani kawai ya gani.

Wani direban tipa ne ya yi masa kwatancen wani boka. Sabitu ya hau keke napep har Gubi, ya ratsa gonaki da ƙafa da tsakar rana, ya zagaya bayan wani dutse. Nan ya ga bukka ba taga, ƙofarta an rufe da jan ƙyalle da ya yi baƙi don maiƙo. A ciki akwai tukunya a kife, jini ya bushe a kanta gashin kaza ya manne. Kawunan awaki a jere, duk suna kallon bango. Wari irin na ramin da aka buɗe bayan shekara. Bokan ƙaramin mutum ne mai tsabtar farce, yana tsince wake a faifai.

"Tela," in ji shi, bai ɗago ba. "An kore ka daga darduma."

Sabitu ya dubi tukunyar nan ya ce, "Ni dai ba na zubar da jini. In jini ne, in tashi."

"Wa ya tambaye ka jini? Zauna."

"Ba na ba da matata, ba na ba da 'ya'yana."

"Ka ji na ambace su? Kara nake so. Gawa uku da za ka auna nan gaba, kada karansu ya shiga rami. Ka kawo mini in yi musu hayaƙi, ka mayar gidanka ka jingine a ɗaki."

"Kara? Karan dawa?"

"Shi."

"Me zan riƙa ba su? Kaza? Turare?"

Bokan ya hure ƙaiƙayi daga faifan. "Kara ba ya ci. Aikinsa ɗaya ne, kuma ka fi ni saninsa."

Sabitu ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, muryar ubansa ce ko tasa, bai tsaya ya tantance ba. Ya ce ya yarda.

Cikin wata biyu aka yi rasuwa uku: wani dogon direba, wata mata mai matsakaicin tsayi, da wata 'yar guntuwar tsohuwa. Kowane karo Sabitu ya tura karan gaskiya ƙarƙashin ciyawa, ya jefa wani a rami, bayan la'asar ya dawo ya ɗauka, ya kai wa boka, sannan ya kulle a ɗaki a gidansa. A nan ne kaina yake sunkuyawa. Ni na haƙa ramukan nan uku. Ido irin nawa ba ya kuskuren taƙi ɗaya, na ga karan da ya shiga ba shi ne na haƙa a kansa ba. Na yi shiru. Daga baya da buhun shinkafa ya fara zuwa gidana daga wajen Sabitu duk azumi, na ƙara yin shiru.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsar ruwa. Kwangilar ɗinkin kayan makarantu, sai shagunan yadi, sai motocin haya. Ya rushe gidan ubansa ya ɗora bene. Ya zama Alhaji Sabitu, ɗan attajirin nan da kansa yake karkaɗe masa darduma. Aikin gawa kuwa ya daina, in an aiko sai ya ce yana da baƙi. Madubin shago ya sa aka juya shi ya kalli bango, wai yana tara ƙura. Elisha ya zo taya shi murna, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali ana jin dariyarsa daga sama.

A shekara ta biyu Zinariya tana shanya a tsakar gida ta faɗi, ba ciwo ba tari. Sabitu ya ce shi zai yi wa matarsa awo. Ya ba wa masu wanka kara suka yanko suka miƙo masa. Yana riƙewa hannunsa ya gane tsawon, don hannun tela ba ya mantuwa. Ya ruga ɗakin da yake kullewa. Karan tsakiya ya faɗi ƙasa ya zama gari. Biyu suna tsaye.

Ya ce wa kansa dace ne kawai. Mutum in yana son ƙarya, ba wanda yake yi masa ita da kyau kamar kansa.

Ikrima a lokacin yana shekara sha shida, kuma ya fara miƙewa kamar masara a taki. Wandon da aka ɗinka masa da ƙaramar salla, kafin babba ya ɗage. Dangi suna ta murna, "Kai, wannan yaro zai wuce ubansa!" Sabitu yana jin haka sai ya tuna dogon karan da ke jingine a ɗaki. Ranar wata Juma'a yaron ya dawo daga masallaci, ya durƙusa zai gai da uban, bai tashi ba. Dogon karan direba ya zama gari.

Saura ɗaya, guntun karan tsohuwa. Saura ɗaya, Ni'ima, shekararta goma. Ya tsayar da ita jikin bango ya ja layi da alli, ya je ya gwada. Yatsa huɗu ya rage.

Ya koma Gubi yana faɗuwa yana tashi. Ya zube gaban bokan.

"Karɓi benen, karɓi motocin. Ka ce ba ka son 'ya'yana!"

"Ni ba na so. Karan ne ke neman abokin kwanciya. An yanka shi don ya kwanta gefen mutum, kai ka hana."

"Zan karya shi."

"Karya. In ya gajarta, sai ya zo daidai da ita yau."

"In ƙone shi?"

"Ka ƙone ta."

"To in mayar kabarin tsohuwar!"

"Ya sha hayaƙin gidanka, ya manta ta. Jininka yake jira, wanda ya zo daidai da shi."

Abin da Sabitu ya yi bayan nan, bakina yana nauyin faɗa. Mutumin da rumbunsa ya cika da abinci ya hana 'yarsa ci. Koko rabin kofi da safe, tuwo loma uku da yamma. Ya cire ta daga makaranta. Ya riƙa ɗora mata tulun ruwa a ka tana tsaye har rana ta karkata, wai don ƙashinta ya danne. Duk asuba ya ja ta jikin bango da allinsa. Masu aiki suka gudu, suka ce Alhaji ya taɓu. Duk da haka yatsa huɗu ya koma uku, uku ya koma biyu.

Wata safiya yana danna kanta ƙasa don layin ya sauka, yarinyar ta ɗago ido. Wuyanta kamar zare.

"Baba, in na yi laifi ne ka dake ni mana, in ci abinci."

Allin ya faɗi daga hannunsa. Ya fita ba takalmi har Gwallaga, ya buɗe tsohon shagon, ya juyo da madubin. Elisha ya ce Sabitu ya fi awa ɗaya a tsaye gaban madubin. A ƙarshe ya juyo ya ce, "Elisha, wannan ba ɗan babana ba ne."

Ranar ana binne wani a maƙabartarmu. Sabitu ya zo ya tsaya bakin rami gaban jama'a ya faɗi komai: sunan direban, sunan matar, sunan tsohuwar. Ɗan direban ya tofa masa yawu a fuska, bai goge ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Baba, kai ma ka gani." Ni da rami bai kashe ni ba, ranar na so ƙasa ta rufe ni.

Ya kai Ni'ima wurin ƙanwar uwarta, ya ce a ba ta abinci ta ƙoshi. Ya buɗe shaguna ya bar su, bene ya zama na jemagu. Shi kuma ya fara tafiya a duƙe. Kullum ya ƙara ranƙwafawa, haɓa a ƙirji, yana yawo da guntun kara a hannu, ya kwanta gefensa a bakin titi ya gwada, ya tashi yana cewa, "Saura kaɗan." Mutane suka ce hauka ne. Hauka ne, amma na san lissafin da yake yi. Jininsa ake jira, shi ma jinin kansa ne.

Wata bakwai aka yi haka. Wata hantsi Elisha ya same shi a tsohon shagon, a ƙudundune gaban madubi, karan a gefensa. Daga tsakar kansa zuwa tafin ƙafarsa, daidai. Masu wanka sun yi sun yi su miƙar da shi, ya ƙi. A kan karan tsohuwar na haƙa masa rami, mafi gajarta da na taɓa haƙa wa namiji, kuma da hannuna na kwantar da karan gefensa.

Ni'ima tana nan da ranta, doguwa ce, ta yi aure a bayan gari. An ce har yau ba ta yarda tela ya ɗora mata awo, sai dai ta aika da tsohuwar riga.

Ku da kuke ganin an raina ku, ku ji ni da kyau. Sabitu yana da abin da attajirin nan bai mutu da shi ba, ya kasa ganinsa don wani yaro ya nuna masa wajen takalma. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya a kan ɗan abu kaɗan, ku duba da kyau, wannan ɗan abin shi ne ku. Ku kuma masu ido irin nawa, in kun ga karan da ba daidai ba zai shiga rami, ku buɗe baki tun ƙasa ba ta rufe ba. Ni ban buɗe ba, kuma ramuka uku na haƙa wa gidan nan.