Inuwa a Ranar Gajimare

Hantsi ya ɗaga lokacin da aka bugo wa Sufeto waya cewa an tsinci gawa a ofishin masu nazarin yanayi.

Ya same ta a gindin matakalar ƙarfen da ke hawa saman bene, inda aka kafa wani ƙaton faranti mai karɓar hotuna daga tauraron ɗan Adam. Mamacin dattijo ne, shugaban sashen, wanda kowa ke kira Injiniya.

"Faɗowa ya yi?" Sufeto ya tambayi likitan 'yan sanda.

Likita ya girgiza kai. "Buge shi aka yi a ƙeya, tun jiya da la'asar. Nan kam ajiye shi aka yi."

Ofishin mamacin shiru, fanka kaɗai ke juyawa. Kwamfutarsa a kunne take, da layi biyu a fuskarta, ja da shuɗi. Sun taho tare, daga nan jan ya yi sama ya bar shuɗin. Mataimakiyar mamacin na tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Malama, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, tauraron yana ɗauko mana hoton gajimare. Da kaurin gajimaren muke ƙiyasta yawan hasken ranar da ke isowa ƙasa. Shi ne shuɗin. Jan kuma na wata na'ura ce da muka kafa a wani fili can bayan gari, don mu riƙa gwadawa."

"Ya kamata su rabu haka?"

Ta kawar da kai, tana murza yatsunta.

"Malama, gawa ce fa a waje."

"Bai kamata ba," ta ce a hankali. "Wani asibitin haihuwa ya nemi ƙiyasinmu kafin ya kafa sola. Injiniya ya ba su lissafin na'urar fili, ya ce ita ke ƙasa, ta fi gaskiya. Da damina ta kama, wutar ta gaza. Jarirai bakwaini da ke cikin kwalba suka mutu. Tun daga nan bai sake yin dariya ba. Jiya ya ce mini ya gano inda ɓarnar take, amma bai faɗi suna ba."

"Wa ke zuwa duba na'urar?"

"Dogo. Ɗan ƙanwar Injiniya."

Dogo na zaune a ɗakin ajiyar kayan aiki, matashi ne siriri, yana ta sharce gumi.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"Ina fili, ranka ya daɗe. Tafiya ce mai nisa, ban dawo ba sai bayan magariba. Wayyo Kawu!"

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Wa zai gan ni a wannan dajin? Amma ga hoto."

Ya miƙo waya da sauri, kamar dama jira yake a tambaya. Ga shi nan tsaye kusa da na'urar yana runtse ido, inuwarsa baƙa ƙirin ta miƙe a ƙasa. Kwanan wata na jiya ne, lokacin kuma la'asar.

"An yi rana ke nan," in ji Sufeto.

"Kamar ta fasa kai."

Sufeto bai ji daɗin saurin amsar ba. Ya sa Sajan ɗin da suka zo tare ya tsare ƙofa, ya koma wurin mataimakiyar.

"Tauraron nan naku yana ganin filin?"

"Yana ganin ko'ina, kuma ba ya hutawa."

"Nuna mini jiya."

Ta danna. Hotuna suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Tun azahar wani farin dunƙule mai kauri ya zauna a kan filin, bai gusa ba har rana ta faɗi.

"A ƙarƙashin wannan, mutum zai yi inuwa?"

"Ko kaɗan," ta ce.

Aka shigo da Dogo. Sufeto ya ajiye wayar kusa da kwamfuta, ya bar shi yana kallon hotunan biyu.

"Tsohon hoto ne, ka canza masa kwanan wata," in ji Sufeto. "Yaushe rabonka da filin nan?"

Dogo ya zube a ƙasa.

"Tun bara. Hanyar ta lalace, na gaji. A ɗakina nake ƙago lambobin. Wallahi ban san za a kai su asibiti ba."

"Kawunka fa?"

"Ya kira ni bayan an tashi aiki. Ya ce da safe zai je ya faɗa wa hukuma da bakinsa, laifinsa da nawa. Na durƙusa na roƙe shi, ya juya mini baya. Akwai wata sifana a kan tebur, na ɗauka..." Ya rufe fuska. "Shi ya yi mini makaranta. Shi ya samo mini aikin."

Sajan ya sa masa ankwa.

A bakin get wata dattijuwa, ƙanwar mamacin, ke zaune a ƙasa tana kukan yayanta, mata na ba ta haƙuri. Da ta hango Dogo sai ta miƙe da hannu biyu a buɗe.

"Ɗana, zo, sun kashe mana shi!"

Sai idonta ya sauka kan hannuwansa. Kukan ya tsaya cak.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Inna..."

Ta sauke hannuwanta. Sufeto ya buɗe ƙofar mota, ya tura shi ciki.